A San Ciwo Kafin A Sayi Magani

Makon jiya ne ɗan yayata, wanda ke zaune tare da mu a Agege, ya same ni bayan sallar isha'i riƙe da wayarsa, ya ce, "Kawu, dubi wannan, gobe nake so in biya." Da na duba sai na ga hoton katin hoto ne, watau na'urar nan da ake sokawa cikin kwamfuta domin ta ɗauki nauyin zana hotunan wasa. Kuɗin da zai biya kuwa guminsa ne na wata takwas, wanda ya tara daga ɗan aikin da yake yi ran Asabar da Lahadi.

Abin da ke damunsa shi ne wasan ƙwallo na EA Sports FC 24, wanda ya fito a 2023 bayan kamfanin ya daina amfani da sunan FIFA. In ya buɗe wasan sai 'yan wasa su riƙa tafiya kamar masu ɗingishi. Kwamfutar tasa irin tokumbon nan ce ta ofis mai siririn akwati, tana da Core i5 da RAM mai gigabait 8 da tsohon faifan ajiya mai juyawa, kuma ba ta da katin hoto na kanta.

Na ce masa ya dakata mu buɗe akwatin tukuna. To, katin da ya ƙyalla ido a kai shi ne RX 580 na 2017. Kati ne mai ƙarfi, amma shi kaɗai yana shan wuta wajen wat 185, kuma yana bukatar wayar wuta ta musamman. Akwatin wutar kwamfutarsa gaba ɗaya wat 240 aka rubuta a jikinsa, kuma babu wannan waya. Ban da haka ma, katin ya fi ƙarfin akwatin, ko da guduma ba zai shiga ba. Da ya biya, da ya yi cinikin biri a sama.

Dalilin da ya sa na kawo wannan labari ke nan. Tun da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa cikin Yunin 2023, har Dala ta haura Naira 1,500 a farkon 2024, sayen sabuwar kwamfutar wasa ya fi ƙarfin yawancin matasanmu. Abin da ya rage shi ne gyara ta hannu, gaɓa bayan gaɓa. Mai ƙaramin ƙarfi kuwa sau ɗaya zai yi harbi, saboda haka wajibi ne ya san inda ciwon yake.

Sanin ciwon ba ya cin ko kwabo. A kunna wasan, a buɗe Task Manager, a dubi gaɓar da ta cika ta batse. In RAM ce ta cika, wasa zai riƙa tsayawa yana ci gaba. In faifan ajiya ne, za a daɗe ana jira kafin wasa ya buɗe. In kuwa ɓangaren hoto ne ya ƙure alhali sauran suna hutawa, to, kati ake bukata. Sa'an nan a share ƙura daga fanka, domin ƙurar hunturu kan toshe iska, kuma na'ura in ta yi zafi ita da kanta take rage gudu.

Mu dai da muka auna, ɓangaren hoto ne ya gaza, faifai na biye da shi. Ran Asabar muka ɗauki kwamfutar ɗungurungum zuwa kasuwar Computer Village da ke Ikeja. Muka nemi GTX 1650 na 2019, samfurin nan gajere da aka yi domin siraran akwatuna. Wat 75 yake sha, kuma ramin da ake soka shi ya isa ya ba shi wannan wuta. Masu wasan sun ce mafi ƙarancin katin da zai ɗauke shi shi ne GTX 1050 Ti, namu kuwa ya ɗara shi. Da canjin da ya rage muka sayi SSD, wanda ke karanta wajen megabait 500 a daƙiƙa, kusan ninki huɗu na tsohon faifan. RAM kuwa muka bar ta sai wani jiƙon, tun da farashinta ya yi tashin gwauron zabo a ƙarshen 2025.

Ga gargaɗi biyu ga mai niyyar shiga kasuwa. Na farko, RAM iri-iri ce, DDR3 ba ta shiga ramin DDR4, don haka a cire ta ciki a tafi da ita. Na biyu, tun Satumban 2022, lokacin da aka daina haƙar kuɗin intanet na Ethereum da katunan hoto, tsofaffin katuna da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka cika kasuwannin duniya. Kada a karɓi kati sai an soka shi, an kunna wasa na rabin sa'a a gaban mai shago, an ga bai ɗauki zafi fiye da kima ba. Mai shagon da ya ƙi gwaji, a yi masa sallama.

Yanzu 'yan wasan yaron suna gudu sumul. Sharaɗi ɗaya na gindaya masa, ba a kunna ta sai an gama aikin makaranta. Ya ce, "Na ji, Kawu." Za mu gani.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.