Ƙarar da ake gani da ido

Kowace Laraba shagunan littattafan zane a Amurka kan karɓi sababbin fitowar kamfanonin Marvel da DC, kuma kafin gari ya waye masu sharhi sun gama yanke hukunci: wannan labarin ya yi jan ƙafa, wancan mai zanen ya iya fuska amma bai iya hannu ba. Abin da ba kasafai suke tsayawa a kai ba shi ne manyan haruffan da ke ratsa hoton, masu nuna ƙarar duka ko fashewa ko karyewa. Wannan rashin kula kuskure ne, kuma ɗalibin ilimin harsuna ya fi kowa dacewa ya gane hakan.

A shekarar 1973, a fitowa ta 121 ta The Amazing Spider-Man wadda Gerry Conway ya rubuta, Green Goblin ya jefo Gwen Stacy daga saman wata gada a birnin New York. Spider-Man ya harba zarensa ya cafke ƙafarta, amma da ya jawo ta sai ya tarar rai ya yi halinsa. Kusa da wuyanta an saka wata ƴar kalma mai nuna ƙarar karyewar ƙashi. Saboda ita masu karatu suka shafe shekaru suna gardama: faɗuwar ce ta kashe ta, ko kuwa zaren mai ƙoƙarin cetonta? Babu jimla ko ɗaya a shafin da ta ɗauki nauyin da wannan ƴar kalma ta ɗauka.

Nahawun Hausa yana da ajin kalmomi da ya yi kama da wannan, wato amsa-kama. Kamannin kuwa sun wuce kwaikwayon sauti. A duniyar Marvel, "snikt" ƙarar faratan Wolverine ce, "thwip" ta zaren Spider-Man ce, "bamf" kuma ta ɓacewar Nightcrawler. In aka ba wani jarumi ƙarar da ba tasa ba, mai karatu zai ji abin ya yi masa bambaraƙwai. Haka "fat" ba ta bin kowace kalma sai fari, "ƙirin" sai baƙi, "wur" sai ja. Wanda ya ce "baƙi fat" ya yi kwaɓa, ko da kuwa bai karya wata ƙa'idar ginin jimla ba. Sannan dukansu suna da ƴancin saɓa wa tsarin sauti: yawancin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, amma "fat" da "tsit" da "sak" sun rufe da baƙi babu mai tuhumarsu.

Ta wani ɓangaren ma Hausa ta fi ƙarfi. Kalmomin littattafan jarumai kusan duka a kan ƙara suka tsaya. In mai zane yana son shiru, sai ya bar hoton babu rubutu. Bahaushe kuwa yana da kalmar da zai rubuta wa shirun kansa, "tsit", yana da ta launi, yana da ta cikar tulu, har da ta abin da ya auku ba zato, "kwatsam".

Mai karanta waɗannan littattafai a Yamai ko Damagaram yakan same su ne a fassarar Faransanci, kuma a nan akwai abin lura. Maganar da ke cikin kumfa ana fassara ta, amma sau da yawa ƙarar tana zama yadda take da Ingilishi, domin an zana ta cikin hoton ne, cire ta kuwa sai an sake zane. Sai ga jarumi yana magana da harshen Faris, naushinsa yana ƙara da harshen New York, alhali Faransanci na da nasa "paf" da "vlan".

Tun 1935 Clement Doke ya fayyace wannan ajin kalmomi a nazarinsa na harsunan Bantu, Paul Newman kuma ya ware masa babi a babban nahawun Hausa da ya wallafa a 2000. Duk da haka, ɗalibi da yawa kan tsince amsa-kama daga rubutunsa don kada a ce ya yi maganar kasuwa. A can kuwa, kyautar Eisner, wadda ake bayarwa kowace shekara a San Diego, tana da rukuni na musamman don mai zana haruffa.