Zaɓen Ghana na 2024: Tsakanin Mahama da Bawumia, wa masu ƙuri'a za su yafe wa?

A ranar Asabar 7 ga Disamba, 2024, al'ummar Ghana suka fita rumfunan zaɓe domin zaɓar wanda zai gaji Shugaba Nana Akufo-Addo, wanda a lokacin yake kammala wa'adinsa na biyu kuma na ƙarshe. Sunaye da dama ne a kan takardar ƙuri'a, amma babu mai gardamar cewa takarar ta mutum biyu ce: John Dramani Mahama, wanda a lokacin tsohon Shugaban Ƙasa ne kuma jam'iyyarsa ta NDC ke adawa, da Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin Dokta Mahamudu Bawumia na jam'iyyar NPP da ke mulki a lokacin.

Wannan ne karo na farko da manyan jam'iyyun biyu suka tsayar da 'yan arewacin ƙasar a lokaci guda. Kuma dukkansu ba baƙi ba ne a gidan gwamnati. Kowannensu ya riƙe amanar jama'a, kuma kowanne yana da wata wahala da aka sha a zamaninsa wadda har yau ba a manta ba. Saboda haka a lokacin, babbar tambayar da ke gaban ɗan kasuwa a Makola ko Kejetia, da ma'aikacin gwamnati a Accra ko Tamale, ita ce: laifin wa ya fi sauƙin yafewa?

Asali ɗaya, hanya daban

An haifi Mahama a garin Damongo a 1958, kuma ɗan ƙabilar Gonja ne, wato ƙasar da fataken Hausa suka sani da Gwanja tun zamanin fataucin goro tsakanin Kano da Salaga. Kirista ne da ya fito daga zuriyar da ta haɗa Musulmi da Kirista. Ya hau tsanin siyasa mataki-mataki: ɗan majalisa mai wakiltar Bole-Bamboi daga 1997, Ministan Sadarwa a gwamnatin Jerry Rawlings, Mataimakin Shugaban Ƙasa daga 2009, sannan Shugaban Ƙasa a watan Yulin 2012 bayan rasuwar John Atta Mills. Ya ci zaɓen 2012, ya faɗi a 2016, ya sake faɗi a 2020.

Shi kuwa Bawumia an haife shi a Tamale a 1963, ɗan ƙabilar Mamprusi ne daga Walewale, kuma Musulmi. Masanin tattalin arziki ne da ya yi karatu a Ingila da Kanada, ya kai matsayin Mataimakin Gwamnan Babban Bankin Ghana a 2006. Bai taɓa zama ɗan majalisa ko minista ba kafin Akufo-Addo ya ɗauko shi ya yi masa mataimaki a takarar 2008. Sau huɗu suka tsaya tare, suka faɗi biyu, suka ci biyu. A watan Nuwamban 2023 ya lashe zaɓen fitar da gwani na NPP da sama da kashi 61 cikin 100, ya zama ɗan arewa kuma Musulmi na farko da jam'iyyar ta ba tuta.

Dukkansu 'ya'yan manya ne, domin iyayensu maza fitattun 'yan siyasar arewacin Ghana ne tun kafin samun 'yanci. Kuma sun taɓa karawa: a shari'ar zaɓen da aka yi a Kotun Ƙoli a 2013, Bawumia ne babban mai ba da shaida a kan nasarar Mahama, kafin kotun ta tabbatar da ita.

Kayan da Mahama ke ɗauke da su

Duk inda aka ambaci mulkin Mahama, kalma ɗaya ce ke fara zuwa bakin mutane, wato "dumsor", wadda a harshen Twi take nufin kashe da kunna. Matsalar wutar lantarki ta yi tsanani a 2014 da 2015 har ta kai ana raba wutar da jadawali, unguwa ta kwana ta wuni a duhu. Masu walda, teloli, masu sayar da kifi da ruwan sanyi da ƙananan masana'antu su ne suka fi jin jiki.

Kuɗin ƙasar ma bai tsira ba. Dala ɗaya da ake saya ƙasa da Sidi 2 a ƙarshen 2012 ta haura Sidi 4 a ƙarshen 2016. A 2015 gwamnatinsa ta nemi tallafin Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, na kimanin Dala miliyan 918, wanda ya zo da sharaɗin taƙaita ɗaukar ma'aikata. A zamaninsa ne aka soke alawus ɗin ɗaliban kwalejojin horar da malamai da na aikin jinya. Ma'aikata kuma ba su manta da furucinsa na 2015 ba, inda ya kwatanta kansa da mushen akuya wanda ba ya tsoron wuƙa, yana nufin barazanar yajin aiki ta daina ba shi tsoro. Lokacin da ya sha kaye a 2016 da tazarar ƙuri'u kusan miliyan ɗaya, shi ne shugaba mai ci na farko da aka kayar tun komawar ƙasar mulkin farar hula a 1992.

Magoya bayansa suna amsa wannan da nuna abin da ido ke gani: sabon ginin tashar jiragen sama ta Kotoka, gadar sama ta Kwame Nkrumah a Accra, kashin farko na sabuwar kasuwar Kejetia a Kumasi, asibitin Ridge, da masana'antar iskar gas ta Atuabo. Hujjarsu ita ce, ya ci bashi amma an ga abin da aka yi da shi, kuma kafin ya sauka an ƙara yawan wutar da ake samarwa.

Kayan da Bawumia ke ɗauke da su

Matsalar Bawumia ta fi sarƙaƙiya, domin da bakinsa ya gina ma'aunin da aka auna shi da shi a zaɓen 2024. A shekarun adawa ya yi suna da laccocin da yake warware alƙaluman gwamnatin Mahama, inda ya sha nanata cewa idan tushen tattalin arziki ya yi rauni, farashin canji ne zai tona asiri. Da NPP ta hau mulki a 2017, shi aka ɗora a kan kwamitin kula da tattalin arziki.

Shekarun farko sun yi kyau. Tattalin arzikin ya bunƙasa da sama da kashi 8 cikin 100 a 2017, hauhawar farashi ta sauko ƙasa da kashi 10, aka fara karatun babbar sakandare kyauta, aka dawo da alawus ɗin ɗalibai. Amma bashi ya ci gaba da taruwa, kuma da annobar korona da yaƙin Rasha da Yukiren suka zo, sai ginin ya tsage. A watan Disamban 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin 100, kuma a wannan watan ne Ghana ta dakatar da biyan akasarin basussukan da ake bin ta a waje. A watan Mayun 2023 IMF ta amince da rancen Dala biliyan 3. Dalar da aka bar wa NPP a kan Sidi 4 da 'yan kai, ta haura Sidi 15 gab da zaɓen 2024.

Abin da ya fi ƙona ran masu matsakaicin hali shi ne shirin sake fasalin bashin cikin gida. Mutanen da suka zuba ajiyarsu a takardun lamunin gwamnati, suna ganin babu wurin da ya fi shi aminci, sun wayi gari an rage musu riba an kuma tsawaita lokacin biya. A watan Fabrairun 2023 an ga tsofaffin ma'aikata sun yi zaman dirshan a harabar Ma'aikatar Kuɗi, har da tsohuwar Babbar Jojin ƙasar, Sophia Akuffo. Ga kuma harajin tura kuɗi ta waya da aka fara karɓa a 2022, wanda ya taɓa kowace mai talla da kowane mai shago.

Bawumia ya kare kansa da cewa matsayinsa tamkar na yaron mota ne, sitiyari ba a hannunsa yake ba, kuma kwamitin da ya jagoranta shawara kawai yake bayarwa. Masu suka sun ce ba a raba riba da mutum sannan ya tsame hannunsa ranar asara. Abin da yake tinƙaho da shi shi ne mayar da ayyukan gwamnati kan na'ura: katin shaidar ɗan ƙasa, haɗa hanyoyin tura kuɗi na kamfanonin waya da bankuna a 2018, rage takardu a tashoshin jiragen ruwa, da kai magunguna karkara da jirage marasa matuƙa. Waɗannan ayyuka ne na gaske da suka rage dogon layi da cin hanci a wasu ofisoshi, sai dai ba su rage kuɗin buhun shinkafa ba.

Alƙawura: inda suka haɗu, inda suka rabu

Wani abin lura shi ne yadda alƙawuransu suka yi kama. Dukkansu sun ce za su soke harajin tura kuɗi ta waya da harajin caca. Dukkansu sun yi alƙawarin rage yawan ministoci, Mahama zuwa 60, Bawumia zuwa 50. Dukkansu sun ce karatun sakandare kyauta zai ci gaba.

Bambancin yana wajen yadda kowa ke ganin za a samar da aiki. Mahama ya tallata tsarin tattalin arzikin sa'o'i 24, inda masana'antu, tashoshin ruwa da wasu ofisoshi za su yi aiki kashi uku a yini, da rangwamen haraji da na wuta ga kamfanonin da suka shiga. Ya haɗa da shirin manyan ayyuka na Dala biliyan 10, da bankin mata, da ɗauke kuɗin makarantar shekarar farko a jami'o'in gwamnati. Bawumia ya yi maganar haraji mai ƙima ɗaya, da yafe tsofaffin basussukan haraji, da tsayayyen kuɗin fito a Sidi ga masu shigo da kaya, da horar da matasa miliyan ɗaya kan fasahar zamani.

Ga ɗan kasuwa, tayin Bawumia kan kuɗin fito ya fi kusa da aljihu, domin zai san abin da zai biya tun kafin kayansa su iso Tema. Ga matashi mai neman aiki, na Mahama ya fi daɗin ji, ko da yake aikin dare yana buƙatar wuta da tsaro da masu sayen abin da aka sarrafa. Amma akwai katangar da ta tare su duka: yarjejeniyar IMF da aka tsara za ta kai 2026, wadda ta buƙaci ƙarin kuɗin shiga da tsuke bakin aljihu. Duk wanda ya soke haraji, tilas ya nemo madadinsa ko ya rage kashe kuɗi, kuma a nan ne albashi da ƙarin girma da ɗaukar sababbin ma'aikata ke shiga haɗari.

Ƙuri'ar Zango da lissafin yankuna

Musulmi kusan kashi 20 ne cikin 100 na al'ummar Ghana bisa ƙidayar 2021, kuma unguwannin Zango irin su Nima da Mamobi a Accra da Aboabo a Kumasi, inda Hausa ce harshen kasuwa da masallaci, sun daɗe suna bin NDC. Dalilin yana da tushe a tarihi: dokar korar baƙi ta 1969 a zamanin Firaminista Kofi Busia, wanda NPP ke ɗauka a matsayin ɗaya daga cikin magabatanta, ta raba Hausawa da Yarabawa da dama da gidaje da dukiyoyinsu. NPP ta yi ƙoƙarin goge wannan tabo ta hanyar kafa Asusun Raya Zango, kuma a 2024 ta kawo ɗan takarar da zai iya zama Musulmi na farko a kujerar shugabancin ƙasar. Tambayar a lokacin ita ce ko wannan ya isa ya rinjayi tsadar rayuwa, wadda ta fi cizo a irin waɗannan unguwanni.

Kafin zaɓen ana ganin a arewa ƙuri'a za ta rabu, kuma rikicin sarautar Bawku tsakanin Kusasi da Mamprusi na iya rage wa Bawumia a wasu mazaɓun Upper East. Shi ya sa kowannensu ya nemi mataimaki daga kudu. Bawumia ya ɗauki Matthew Opoku Prempeh daga Kumasi domin riƙe yankin Ashanti, cibiyar NPP. Mahama ya sake ɗaukar Farfesa Jane Naana Opoku-Agyemang daga yankin Central, ɗaya daga cikin yankunan da ke sauya sheƙa. Lissafin a lokacin shi ne, idan 'yan Ashanti suka ƙi fitowa da yawa saboda fushi, ko suka ba Alan Kyerematen da ya fice daga NPP wani kaso, hanyar Bawumia za ta ƙuntata matuƙa.

Abin da ya shafi maƙwabta

'Yan kasuwar Najeriya da ke Ghana suna da dalilin sa ido. Dokar zuba jari ta 2013, wadda ta wajabta wa baƙo mai son yin kasuwancin saye da sayarwa jarin Dala miliyan ɗaya, a zamanin Mahama aka kafa ta, kuma a zamanin Akufo-Addo da Bawumia aka rufe shagunan 'yan Najeriya da dama a 2019 da 2020 da sunanta. Babu ɓangaren da hannunsa ya fita a wannan batu. Haka kuma shugaban da aka rantsar a Janairun 2025 ya tarar da ficewar Nijar, Mali da Burkina Faso daga ECOWAS tana gab da tabbata, alhali ta waɗannan ƙasashe ne albasa da dabbobi ke gangarowa kasuwannin Kumasi da Accra.

Kafin zaɓen, tarihi yana gefen Mahama, domin tun 1992 babu jam'iyyar da ta yi fiye da shekara takwas a jere, kuma akasarin hasashen da aka wallafa shi suka ba rinjaye. Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma a kan wannan ne NDC ta gina yaƙin neman zaɓenta. Sai dai tsarin mulki ya ba Mahama wa'adi ɗaya kacal idan ya ci, yayin da Bawumia zai iya neman biyu, kuma NPP ta ce wanda ba zai sake neman ƙuri'a ba ba shi da abin tsoro. Wajibi ne mai nasara ya samu fiye da rabin ƙuri'un da aka kaɗa, in ba haka ba a je zagaye na biyu. A lokacin a bayyane yake cewa ko wane ne ya ci, zai gaji baitulmalin da masu bin bashi suka riga suka yi wa iyaka, da jama'ar da haƙurinta ya kusa ƙarewa.