Inda mai ya ɗiga ba nan ya fito ba: zare kan yoyon mota 🧵

1/ Jama'a mu yi maganar yoyon mota. Ra'ayina shi ne: yawancin kuɗin da muke kashewa a gareji kan yoyon mai da ruwa ba na gyara ba ne, na lalube ne. Kuma laifin ba na makanike kaɗai ba ne, har da mu masu motar. Ku biyo ni a hankali.

2/ Kowa ya san yadda ake yi. Ka wayi gari ka ga ɗigon mai a ƙarƙashin mota. Ka je gareji, Oga ya leƙa na minti 2 ya ce "sil ne". A sauke giya, a canza sil, ka biya. Bayan sati ɗigon na nan daram. Sai a ce "to gasket ne". Haka za a yi ta yi har aljihunka ya bushe.

3/ Ga abin da ake tsallakewa. Mai yana iya fitowa daga can saman injin, ya bi jikinsa ya gangaro, iskar fanka da ta gudu su tura shi baya, sannan ya taru a wurin da ya fi ƙasa ya ɗiga. Shi ya sa kullum botom filet da sil ɗin baya ke shan zargi, alhali sau da yawa hanya kawai aka bi ta kansu.

4/ Ƙara da ƙurarmu. Mai ya jiƙa ƙarfe, ƙurar hunturu ta manne, wata 3 kawai duk gefen injin ya koma baƙin laka. A haka wa zai gane mafarin yoyo da ido? Duk wanda ya faɗa maka wurin bai wanke ba, wallahi hasashe yake yi, ko da ya dace.

5/ Matakin farko kai za ka yi shi a gida, kyauta. Sami kwali mai tsabta ka shimfiɗa a ƙarƙashin injin da daddare. Da safe ka duba abu 3: launin ɗigon, warinsa, da daidai inda ya sauka. Ka ɗau hoto kafin ka motsa motar.

6/ Yadda ake karanta kwalin:
Baƙi ko ruwan ƙasa, mai kauri: baƙin mai.
Ja ko ja mai duhu: man giyar otomatik, ko man sitiyari a motocin da ke amfani da irinsa.
Kore, ruwan hoda ko shuɗi, da ƙamshi zaƙi-zaƙi: kulant na lagireto.
Fari ko ɗan rawaya, mai santsi: man birki.

7/ Ruwa zalla, ba launi ba wari, ta ɓangaren fasinja bayan ka sha AC? Wannan gumin AC ne, lafiya lau, kar wani ya karɓi ko sisi a kai. Amma kulant in ya zuba a tsakar gida a wanke wurin. Yana da zaƙi kuma guba ne, yaro ko dabba na iya lasa.

8/ Mataki na 2: a wanke injin, a bari ya bushe sarai. A yi shi injin na sanyi, a rufe altaneta da soket-soket, kar a danna musu ruwan inji mai ƙarfi. Wanke injin mai zafi da fetur kuwa neman gobara ne, kar ka yarda a yi maka.

9/ Mataki na 3: a tada motar ta ɗau zafi, a zaga da ita kamar minti 15, a dawo a haska tocila. Ana neman wurin da ya jiƙe wanda ya fi kowane sama, ya fi kowane gaba. Daga nan ake farawa. In ba a gani ba, a barbaɗa hodar yara a inda ake zargi. Mai zai ja layi a kan farin hoda, sai a bi layin zuwa sama.

10/ Akwai kuma wani rini da ake zubawa a cikin mai, a yi tafiya, sannan a haska fitila mai shuɗin haske, wurin yoyon ya riƙa ƙyalli. Shi da fitilar ba su kai kuɗin sauke giya sau 1 ba. Me ya hana garejinmu mallakarsu? Za mu zo kai.

11/ Misali. Corolla ta 2003 zuwa 2008 mai injin 1ZZ an san ta da yoyo daga wata 'yar robar zobe ta tenshonan cen, a bayan injin. Man yakan gangaro ya jiƙe ƙasa har ka rantse babban aiki ne. Roba ce da ba ta kai kan gorar ruwa girma sosai ba.

12/ Haka Honda EOD: gasket ɗin solenoid na VTEC yakan bushe ya fara zubar da mai ta bayan injin. A motoci da dama kuma suwic ɗin fitilar mai ne ke tsatsafowa, ko gasket ɗin murfin saman injin. Duk ƙananan abubuwa ne da ke sama, amma ƙasa ake ganin ɓarnarsu.

13/ Wani lokaci ma an gano sil ɗin daidai, an canza, ya sake yoyo. Tambaya: me ke turo man waje? In bawul ɗin PCV ya toshe, iska na taruwa a cikin injin ta matsa wa kowane sil. Haka in an cika mai ya wuce layi. Ka canza sil 10, duk za su bi sahu.

14/ Yanzu ruwan lagireto, nan ne muke cutar kanmu. Muna ɗura ruwan rijiya ko fiya wata. Ruwa zalla in ya tsatsafo kan injin mai zafi sai ya bushe nan take, ba ya barin sawu. Kulant kuwa yana barin busasshen tabo mai launi daidai bakin yoyon. Ga shi yana hana tsatsa.

15/ Wani yoyon ba ya fitowa sai an matsa. Murfin lagireto na yawancin motocin Japan yana riƙe matsi wajen bar 1. Tiyo mai ɗan tsagu zai yi shiru a sanyi, ya buɗe baki a hanya. Maganinsa famfon gwaji: a hura matsi injin na sanyi, a ga ko allura za ta sauka. Kar a taɓa buɗe murfin da zafi, fuska ake rasawa.

16/ Sai mugun: ruwa ko mai na raguwa, kwali tas. To ciki yake zuba. Farin hayaƙi mai yawa da bai daina ba bayan injin ya ɗau zafi, mai ya koma kamar shayi da madara, ko kumfa na tasowa a lagireto: a gwada top gasket. Kafet ɗin gaba ya jiƙe da ruwa mai zaƙin wari: a duba hita.

17/ Masu Camry Muscle mai silinda 4 na farko-farko, injin 2AZ ya yi suna wajen shan mai ta ringin. Babu yoyon da za a samu a waje, ƙona shi yake. Ka ga a nan duk gam ɗin da aka shafa a jikin injin asara ce.

18/ Man birki kuma babu jira. Yakan ɗan sauka a hankali in birki fad na cinyewa. Amma in kana ƙari duk sati, ko feda ya fara nutsewa, ajiye motar. Masta na iya zuba cikin busta ba ka ga ɗigo ko 1 ba. Wannan ba batun kuɗi ba ne kuma, rai ne, naka da na mai tsallaka titi.

19/ To me ya sa ba a bin waɗannan matakan? Mu faɗi gaskiya: ba ma biyan kuɗin bincike. Makanike ya ɓata awa 3 yana wanki da haske, ya gano 'yar roba ce, sai ka miƙa masa kuɗin shan ruwa ka ce ai ba wani aiki ya yi ba. Wanda ya sauke giya a banza kuwa ka biya shi da godiya.

20/ Mu muka koya musu cewa gumi ake biya, ba sani ba. Ga gaggawa: "Oga yi sauri gobe zan kama hanyar Abuja." Mutumin da ke da iyali zai zaɓi abin da ke kawo kuɗi. Ba ina wanke masu ha'inci ba ne, akwai su. Amma mai gaskiya ma tsarin nan ba ya ciyar da shi.

21/ Shawarata: ku yi ciniki kashi 2. Kuɗin gano matsala daban, kuɗin gyara daban. Ka ce: "Oga zan biya bincike, amma kafin a tura yaro Ƙofar Ruwa ko Panteka sayen kaya, a nuna min inda yake fitowa da idona." Wanda ya san aikinsa zai ji daɗin wannan magana.

22/ 'Yan'uwa mata masu mota, ku ma haka. Ba sai kin san sunan kowane ƙarfe ba. Hoton kwali, launin ɗigo, da "nuna min" sun isa su canza yadda za a yi miki magana a gareji.

23/ Kafin a gano, a riƙa duba ma'aunin mai da ruwa kullum da safe, injin na sanyi. Ƙaramar mota wajen lita 4 na mai take ɗauka, ba shi da yawan da za a yi wasa da shi, balle a zafin Afrilu. In fitilar mai ta kama kana tafiya, tsaya ka kashe nan take.

24/ Makanikai da ke nan, ku faɗa mana tsakani da Allah: nawa ya dace a biya na bincike kawai? Masu mota kuma, wane yoyo ne ya fi wahalar da ku, kuma a ƙarshe ina aka same shi? A tura wa wanda ya sayi motarsa ta farko bana. 🙏