Yara Ba Su Tambayar Asalin Gimbiya

Akwai wani al'amari da mu ke so mu jawo hankalin malaman makaranta da akawunan hukuma a kansa, musamman na ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, ko da ya ke maganar ta shafi ko'ina. Al'amarin kuwa shi ne wasan gimbiya da na amarya, wanda ƙananan 'yan mata su kan yi a tsakar gida da filin makaranta. Watakila wani ya ce, ina ruwan ma'aikacin ilmi da wasan yara, alhali ga azuzuwa ba isassun kujeru, ga ƙarancin malamai? Amsarmu ita ce, a wurin wasa yaro ya ke fara sanin matsayinsa cikin mutane, tun bai iya rubuta sunansa ba. Abin da ya koya a nan kuwa, da wuya wani littafi ya kankare shi daga baya.

Duk wanda ya tsaya ya lura ya san yadda wasan ya ke. Yara biyar ko shida, masu shekara uku zuwa shida, sai su taru. Wata ta ɗauko tsohon ɗankwalin uwarta, wata ta kawo gyale a yi alkyabba da shi, gawayi ya zama kwalli, a kife turmi ya zama karaga. Sa'an nan a zaɓi gimbiya. Da me a ke zaɓen? Wadda ta kawo gyalen, ko wadda ta fi baki, ko wadda ba ta samu yi jiya ba. In gardama ta tashi, ba ta wuce, "Ai ke kin yi jiya, yau ni ce." Ba safai za ka ji yarinya mai shekara huɗu ta ce wa 'yar'uwarta ba ta isa ta hau karaga ba domin ita baƙa ce, ko domin ubanta ba ɗan gari ba ne. In kuwa ka ji, to, ka bincika, a bakin babba ta tsinta.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasa irin tamu. Birnin Kudu da Gwaram suna kan iyaka da Jihar Bauchi, sun zauna cikin Jihar Kano har 1991 da a ka ƙirƙiro Jigawa. Akwai Hausawa, akwai Fulanin gida da na daji, akwai Warjawa a ɓangaren da ya dubi Ningi, akwai Barebari. Bayan haka kuma babban asibitin Gwamnatin Tarayya da Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, da kasuwanni, sun jawo Yarabawa da Ibo da waɗansu da dama. 'Ya'yan waɗannan duka a aji ɗaya su ke zama, rijiya ɗaya su ke ɗiban ruwa. Yadda su ka saba da juna a shekarun farko, haka za su zauna da juna sa'ad da mulkin ƙasa ya koma hannunsu.

Amma kada a ɗauka muna cewa yara makafi ne, ba su ganin bambanci. Suna gani sarai. A 2005 waɗansu masana a Ingila sun gwada jarirai, su ka tarar jinjiri sabon haihuwa ba ya fifita wata fuska a kan wata, amma ɗan wata uku ya fi tsayar da ido a kan fuska irin ta mutanen da ya saba gani. A 2006 a ka sake gwadawa a Isra'ila. 'Ya'yan Habashawa da ke zaune a Habasha sun fi kallon baƙar fuska, 'ya'yan fararen fata sun fi kallon fara, amma 'ya'yan Habashawan da ke zaune a Isra'ila, waɗanda kullum su ke ganin iri biyun, ba su nuna fifiko ba. Watau sabo ne ya ke jan idon jariri, ba jini ba. A 2009 kuma wata malama a Amurka, Katherine Kinzler, da abokan aikinta, su ka nuna cewa yara masu shekara biyar, in an ba su zaɓin aboki, sun fi son mai magana da irin harshensu ko da launinsa ya bambanta, a kan mai launi irin nasu wanda harshensa ke da gargada. Wannan ya dace da abin da mu ke gani a nan. 'Yar Ibo da ta tashi a Birnin Kudu, Hausa ta zauna a bakinta, ba wadda za ta hana ta alkyabba.

Saboda haka gaskiyar magana ita ce, yaro yana ganin launi, amma bai san farashinsa ba. Mu manya mu ke sa masa farashi. Yadda wannan ke aukuwa, an nuna shi tun da daɗewa. A shekarun 1940 wani masani baƙar fata na Amurka, Kenneth Clark, da matarsa Mamie Clark, sun ajiye 'yan tsana a gaban yara baƙar fata 253, masu shekara uku zuwa bakwai. 'Yan tsanan iri ɗaya ne, launi kaɗai ya raba su. Kimanin kashi biyu cikin uku na yaran su ka zaɓi farar 'yar tsana su yi wasa da ita, da yawa kuma su ka nuna baƙar su ka ce ita ce mummuna. Ba a haife su da wannan ra'ayi ba, ƙasar da su ka tashi a ciki ta koya musu raina kansu. Babbar Kotun Amurka ta ambaci aikin Clark a hukuncinta na 17 ga Mayu, 1954, wanda ya haramta raba makarantun gwamnati tsakanin farare da baƙaƙe.

To, mun san abin da mai karatu zai ce: nan ba Amurka ba ce, mu duka baƙar fata ne. Haka ne, amma mu dubi bakinmu. Ba mu ne mu ke cewa farar mace alkyabbar mata ba? In an yi haihuwa, mata su ka shigo barka, sau nawa a ke duban kunnen jaririya a ce, "Wayyo, wannan za ta rine"? Muna da fara, muna da wankan tarwaɗa, muna da baƙa, ko wace kuma an san inda a ka ajiye ta. Bayan launi ga maganar asali. An soke bauta da doka a Nijeriya ta Arewa tun 1936, amma har yanzu in a ka zo neman aure, a kan koma a tono wane ne kakansa bawa. Ga kuma kalmomin da a ke jifan maƙwabta da su, waɗanda ba sai mun jera su a jarida ba. Duk wannan a kunnen yara a ke yi.

Abin da ya fi damunmu, mu da mu ke aikin horon malamai, shi ne rabon da makaranta ta ke da shi a ciki. Ranar ba da kyauta ta zo, za a yi wasan kwaikwayo. Malami ya dubi aji, ba tare da wata muguwar niyya ba, ya ɗauki yarinyar da ta fi haske, mai dogon hanci, ya ce ita ce gimbiya. Baƙar kuma, ko 'yar ƙauye, ko wadda Hausarta ba ta nuna ba, a ba ta tsintsiya ta zama kuyanga. Babban baƙo zai zo, a nemi wadda za ta miƙa masa furanni, a sake komawa kan yarinyar nan dai. Shekara ta zagayo a maimaita. Ba wanda ya buɗe baki ya ce baƙa ba ta da daraja, amma aji duka ya fahimta. Yaran da a tsakar gida su ke karɓa-karɓa da alkyabba, yanzu sun gane ashe akwai wadda a ka yi alkyabbar dominta.

Ƙarshen wannan hanya kuwa a bayyane ya ke a kasuwanninmu. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoton cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da man ƙara hasken fata. Da yawa cikin mayukan nan akwai zaiba da waɗansu magunguna masu ƙarfi, waɗanda ke cin fata su sa ta yi laushi har rauni ya ƙi warkewa, su kuma taɓa ƙoda. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kansu, har da gargaɗin iyaye masu shafa wa 'ya'yansu ƙanana. Budurwar da ta kashe kuɗin sana'arta a kan kwalbar mai, ba ranar nan ta fara ƙin fatarta ba. Ta fara tun ranar da ta gane ba za a taɓa zaɓenta gimbiya ba.

Waɗansu su kan ɗora laifin duka a kan kayan waje, watau 'yan tsanan roba masu jan gashi da finafinan zane da yara ke kallo a wayoyin iyayensu. Akwai ƙamshin gaskiya. Kamfanin Disney, wanda ya cika duniya da labarun gimbiyoyi tun 1937, bai fito da gimbiya baƙar fata ba sai 2009. Wani ɗan kasuwa a Ikko, Taofick Okoya, da ya nemi baƙar 'yar tsana domin wata 'yar danginsa ya rasa, sai ya kafa sana'ar yin tasa a 2007, yana yi musu shigar Hausawa da Yarabawa da Ibo. Amma ba mu ga amfanin hana yara kallo ba, gama ba zai hanu ba. Yarinya baƙa tana iya yafa farin gyale ta ce ita ce gimbiyar da ta gani a waya, ba kuwa abin da ya dame ta, har sai wani babba ya yi dariya ya ce, "Ke da wannan baƙin naki?" Dariyar nan ta fi fim ɗin ɓarna.

Ga shi kuwa muna da namu abin da za mu ba su. 'Yar tsanar da kakanninmu su ka yi wasa da ita, ta kara ce ko ta ƙashi ko ta tsumma, ba ta da launin da za ta yi wa wata gori, ko wace yarinya tana ganin kanta a jikinta. A tatsuniyar 'yar mowa da 'yar bora, ladabi da haƙuri su ka kai 'yar bora gidan sarki. Tarihin Daura ya ce mata su ka fara mulkinta, har zuwa Daurama. Abin da a ka riƙe game da Amina ta Zazzau shi ne yaƙi da gina ganuwa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa, ta kafa 'Yan Taru domin karantar da matan karkara, ta kan naɗa wa jajinta malfa saboda ilminta da amanarta. Addini ma ya yanke magana, gama Alƙur'ani cikin Suratul Hujurati ya nuna an yi mu kabila-kabila ne domin mu san juna, fifiko kuwa da tsoron Allah ya ke.

Saura maganar barkwanci. Za a ce, ashe za ku hana Bafillace da Babarbare tsokanar juna, ko Bakano da Bazazzagi? A'a. Wasan nan na taubasantaka gado ne mai kyau, domin ko wane ɓangare yana da bakin ramawa, a rabu ana dariya. Abin da mu ke ƙi shi ne wasan da kullum mutum ɗaya a ke yi wa, shi kuwa ba shi da ikon mayarwa. Yarinyar da a ka mai da ita kuyanga shekara uku a jere ba taubashiyar kowa ba ce.

Ga abin da mu ke roƙo. Na farko, malami ya riƙa juya matsayi a wasan kwaikwayo, ko ya jefa ƙuri'a a gaban aji, ya rubuta a littafinsa wadda ta yi bana don kada a maimaita baɗi. Na biyu, in yara suna wasansu, a bar musu zaɓensu, gama tsarinsu na karɓa-karɓa ya fi namu adalci. Na uku, in yaro ya tambayi dalilin da ya sa wance ta fi wance haske, kada a tsawata masa, a gaya masa gaskiya: halitta ce, kamar tsawo da gajarta, ba ta ƙara wa kowa daraja. Na huɗu, a darasin aikin hannu a koya musu yin 'yar tsana da kara da tsumma, a ba su labarin Daurama da Amina da Asma'u. Na biyar, akawunan da ke shirya tarbar manyan baƙi su daina aika wa hedimasta cewa a zaɓo musu "mai kyan gani". Ba ɗaya cikin waɗannan da ke bukatar ko kwabo daga baitulmali.

Hausawa sun ce hali zanen dutse. Mutanen Birnin Kudu sun fi kowa sanin ma'anar wannan, gama shanun da mutanen da su ka zana a Dutsen Habude da Dutsen Mesa suna nan har yau, masu zanen kuwa ba wanda ya san sunansu. Haka abin da malami ya zana a zuciyar yarinya mai shekara biyar zai daɗe bayan an manta da sunan malamin. Sai ko wane ɗayanmu ya dubi abin da ya ke zanawa. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba mu ikon riƙe amanarsu, amin.