FILIN MOTA DA DIREBA: Kafin ka sake wa motarka takalmi

 

Abin da ya sa na ɗauko zancen taya a wannan wata shi ne wani ɗan yayata da ke nan Alajo. Yaron nan ya sha tarin kuɗi, Allah ya nufa ya fito da wata motar Jamus ta hannu daga tashar jirgin ruwa ta Tema. Mota sumul, sai dai duk lokacin da ya bi lungunan Nima da Maamobi sai ta riƙa dukan ƙasa kamar amalanke. Ya zo ya same ni ya ce, "Kawu, anya ba a cuce ni ba? Na canza shokozoba, amma har yanzu haƙorana haɗuwa suke yi in na faɗa rami." Na zagaya na duba gefen tayoyin, na ce masa, "Ɗana, motarka lafiyarta lau, takalminta ne ba na ƙasarmu ba."

Irin wannan taya ita ce ake kira ran-filat, wato taya mai tafiya ba iska. An ƙara wa gefenta kauri da roba mai tauri, ta yadda ko ƙusa ta huda ta iska ta fice, gefen nan zai ɗauki nauyin mota. Yawancin masu ƙera ta sun ce za a iya tafiyar kilomita 80 a kanta bayan ta sace, muddin ba a wuce gudun kilomita 80 a awa ba. Dabarar ba sabuwa ba ce. Kamfanin Dunlop ya fito da wata irinta mai suna Denovo a Ingila tun shekarun 1970, a Amurka kuma motar Corvette ta 1997 ta fito da ita ba tare da safaya ba. Amma BMW ne ya baza ta a duniya tun daga shekarun 2000, har ya zama yawancin motocinsa da na Mini suna fitowa ba safaya, ba jak. In kana son ka gane ta, duba gefen taya. Bridgestone kan rubuta RFT, Michelin ZP, Continental SSR, waɗanda aka yi wa BMW kuma akan ga RSC cikin da'ira.

To, a titunan Jamus wannan abu ne mai kyau ƙwarai. A nan Ankara kuwa labari ya sha bamban. Taya ita ce ta fara karɓar duka kafin shokozoba, kuma laushin gefenta shi ne ke shanye gargada. Da yake gefen ran-filat ba ya lanƙwasa sosai, dukan sai ya zarce kan rim da ƙafafun mota, ya ƙare a ƙashin bayan direba. Ga ta kuma ta fi taya gama-gari nauyi, saboda haka a hanya mai gargada ƙafa takan yi tsalle maimakon ta lafe a ƙasa, sitiyari ya riƙa fizgar hannu. Kowa ya san yadda titunanmu ke komawa in damina ta sauka, musamman nan gefen Alajo inda ruwa ke kwanciya ya rufe ramuka. Rami guda ya isa ya fito wa taya da ƙulu a gefe, ko ya tsaga rim.

Sai kuma maganar aljihu. Ran-filat ta fi tsada, kuma ba kowane shago ne ke da lambar da kake nema ba. Mai facin bakin titi da ke aiki da ƙarfe da guduma zai sha wuya kafin ya ɓalle ta daga rim, sai mai inji. Sannan masu ƙera ta da dama ba su yarda a yi mata faci ba in an riga an yi tafiya a kanta ba iska, domin cikinta yakan ƙuna ya raunana ba tare da an gani daga waje ba. Wannan ne ma ya sa nake jan kunnen masu zuwa Abossey Okai neman ran-filat ta hannu. Za ka ga zanenta raɗau, amma wa zai gaya maka kilomita nawa aka ja ta ba iska a can ƙasar da ta fito? Araha dai ba ta ado.

Saboda haka na ba ɗan nawa shawara ya cire su ya sa taya gama-gari. Ya sa, ya dawo yana murna, ya ce, "Kawu, wallahi kamar an sake mini mota." Gaskiya ne, mota takan yi laushi, ƙara ta ragu, ƙafafu su kama ƙasa a kwana mai gargada. Wani direban zai ji sitiyari ya ɗan rage kaifi a farko, tunda an daidaita ƙafafun motar ne da taya mai tauri, amma hannu kan saba cikin 'yan kwanaki.

Sai dai akwai rabin shawarar da yaron nan ya ji da kunne guda ta fita ta ɗayan. Na gaya masa cewa ran-filat aiki biyu take yi: ita ce taya, ita ce kuma safaya. Ranar da ka cire ta, ka cire safayarka ke nan. Ya ce zai saya in an yi albashi. Bayan mako uku suka tashi zuwa Kumasi ɗaurin aure, shi da mahaifiyarsa da matarsa da jariri. Sun wuce Suhum bayan isha'i sai ƙarfe ya yanka tayar baya. Ya buɗe but, ba safaya, ba jak, ba sifana. Haka suka zauna a bakin daji cikin duhu, manyan motoci na wuce su da gudu, har wajen ƙarfe ɗaya na dare kafin wani direban tirotiro, Allah ya saka masa da alheri, ya tsaya ya taimaka. Yayata har yau in ta gan ni sai ta ce, "Kai ne ka ce ya canza." Ni kuwa in ce, "Yaya, na ce ya canza, na kuma ce ya sayi safaya."

To jama'a, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ga abin da ya kamata mai niyyar wannan canji ya kiyaye.

Da farko, a canza duka huɗun lokaci guda. Kada a haɗa ran-filat da taya gama-gari a mota ɗaya, balle a ce hagu daban dama daban, domin in aka taka birki da ƙarfi ko aka sha kwana, kowace ƙafa halinta daban zai zama.

Na biyu, a sayi lambar da masu mota suka rubuta a jikin takardar da ke ginshiƙin ƙofar direba: faɗi, tsawo, girman rim, da lambar nauyi da harafin gudu. Wasu motocin tayoyin bayansu sun fi na gaba faɗi, a lura. Iska ma a bi abin da takardar ta ce, a auna da ma'auni, a bar dukan taya da ƙafa.

Na uku, a duba shekarun taya. Bayan haruffan DOT akwai lambobi huɗu a ƙarshe: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2321, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2021. Dokar hanya ta Gana ta shekarar 2012, wato L.I. 2180, ta tanadi cewa kada taya ta wuce shekara 4 daga ranar da aka ƙera ta, kada zurfin zanenta ya gaza milimita 1.6.

Na huɗu, a gargaɗi mai faci ya kula da 'yar na'urar auna iska da ke manne da bawul a cikin rim a motoci da yawa. Ita ce ke kunna fitila a gaban direba in iska ta ragu, kuma tana aiki da taya gama-gari ma. Bayan an gama a sake saita ta.

Na ƙarshe, wanda ya fi duka, kada mota ta bar shagon taya sai da safaya mai shiga ƙafarta, da jak, da sifana, da ɗan famfon iska mai aiki da batirin mota. A gwada su a gida da rana, kada a bari sai a daji. Wasu motocin ba su da ramin safaya, dole ta ci wuri a but. A haƙura, a ɗaure ta da kyau.

Wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce cikin gari, ko uwargida da ke tuƙi ita kaɗai da dare ba ta son tsayawa a hanya, in aljihu zai ɗauka, ba laifi a zauna da ran-filat. Amma mai zuwa Kumasi, wajen kilomita 250, ko Tamale da Bawku, ya sani kilomita 80 ba za ta kai shi gida ba, kuma ba lalle ya sami irinta a garin da ya tsaya ba. Shi ma safaya ta kama shi.

Nan za mu dakata. Mai tambaya ko gyara ya aiko ta hannun edita. Allah ya tsare mu a hanyoyinmu, ya kai mu wata mai zuwa lafiya. Wassalam.