Mutum-mutumi ba zai biya bashin mai walda ba

A tsibirin Geoje da birnin Ulsan na Koriya ta Kudu, inda Hanwha Ocean da Samsung Heavy Industries da HD Hyundai ke ƙera manyan jiragen dakon iskar gas, mutum-mutumi ya shiga aikin walda. Wannan abin maraba ne. Jikin irin waɗannan jirage bango biyu ne, tsakaninsu kuwa lunguna ne matsattsu da mai walda ke shiga a durƙushe, cikin zafi da hayaƙi mai lahani ga huhu. Duk na'urar da ta ɗauke wa ɗan Adam wannan azaba ta yi aikin alheri.

Inda gizo ke saƙa shi ne hujjar da kamfanonin ke kafawa, cewa masu walda sun yi ƙaranci. Gaskiya ne haihuwa ta ragu a ƙasar, har an koma ɗauko ma'aikata daga Vietnam da Thailand. Sai dai ruwa ba ya tsami banza. Da kasuwar jirage ta faɗi wajajen 2016, an sallami dubban ma'aikata, aka zaftare albashin waɗanda ke ƙarƙashin 'yan kwangila. A 2022 ma'aikatan kwangila na Daewoo, wanda ya zama Hanwha Ocean, suka yi yajin aikin kwana 51. Wani mai walda a cikinsu ya haɗa kejin ƙarfe da hannunsa, ya kulle kansa ciki. Sun nemi ƙarin kashi 30 cikin ɗari, aka ba su 4.5. Matashin da ya ga haka, me zai kai shi koyon sana'ar?

Ga shi kuma jirgi ba mota ba ne da ake buga dubbai iri ɗaya. Zane yana sauyawa, ƙarfe yana lanƙwashewa idan ya sha wuta, haɗi ba ya zuwa daidai kullum. Na'ura ta gwanance a miƙaƙƙen layi, amma gwanin walda ne ke saita ta, ya duba aikinta, ya gyara inda ta kasa. Irin wannan gwani shekaru ake yi ana renonsa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka ribar da na'urar ta kawo ya kamata ta fara bayyana a albashin mai walda da horar da na bayansa. Kamfanin da ya sayi mutum-mutumi don gudun biyan wannan bashi zai wayi gari da na'urori cike da fili, babu mai sanin ko haɗin da suka yi zai jure teku.