Gudun dogon zango a makarantun ƙauye: matsalolinmu suna da kalanda

1/
Duk shekara idan an gama gudun famfalaki na Legas, tambaya ɗaya ake yi: me ya sa 'yan Kenya da Habasha ke zuwa su kwashe kuɗin, mu muna gefe muna tafa musu? Ni a ganina amsar ba ta Legas. Tana filayen makarantun sakandare irin namu na Gude, Kabo da Gwarzo. Ku biyo ni, zaren da ɗan tsayi.

2/
Tun 2016 ake wannan tsere na Legas, kuma kusan kullum baƙi ne a gaba. Tarihin da Abbas Mohammed ya kafa wa Najeriya a famfalaki, awa 2 da minti 16, a 1990 ya kafa shi. Sama da shekara 30 aka kwashe ba wanda ya karya. Ko haifata ba a yi ba lokacin.

3/
Ba ƙafafu muka rasa ba. Yaron da ke tako daga ƙauyensu zuwa makaranta kullum, ya dawo ya wuce gona ko kiwo, ba wanda zai koya masa juriya. Abin da muka rasa shi ne malamin da zai riƙe yaran nan shekara uku, huɗu, biyar, ba tare da igiyar ta tsinke a hanya ba.

4/
Ku tuna yadda muke yi. Saura mako biyu inta-haus sai a tara yara a ce a zagayo gari. Wanda ya zo na ɗaya a ba shi bokitin roba da littafin rubutu, a ɗauki hoto da babban baƙo, shi ke nan sai baɗi. Ai ba a fafe gora ranar tafiya. Gudun dogon zango watanni yake ci kafin jiki ya amsa.

5/
Na yi gudu a wata makarantar je-ka-ka-dawo ta wannan yanki namu. Malamin da ya riƙe mu ba koci ba ne, wani darasi daban yake koyarwa, aka ɗora masa wasanni don ba mai so. Kayan aikinsa uku ne: usur, agogon wayarsa, da wani tsohon littafi da yake rubuta lokacin kowa.

6/
Abin da ya gane, wanda masu tsara wasanni daga ofis ba su gane ba, shi ne: yawancin matsalolinmu ba ba-zata ba ne. Suna da kalanda. Kowace shekara a kan lokaci suke zuwa, kamar kakar mangwaro. Kocin da ya ce sun shammace shi, to bai zauna ya yi lissafi ba ne kawai.

7/
Damina. Daga Yuni yara na gona: shuka, noman farko, maimai. Ba uban da zai bar ɗansa ya tafi guje-guje ciyawa na cin masara, kuma yana da gaskiya. Malam bai ja da iyaye ba. Ya rage atisaye zuwa kwana biyu a mako, ya ce aikin fartanya ma horo ne, ya ishe mu ƙarfin baya da na cinya.

8/
Ƙarshen damina kuma zazzaɓin cizon sauro. Za ka ga rabin 'yan gudu a kwance. Dokarsa a nan ba sassauci: mai zazzaɓi ba ya gudu, ko da gobe ne gasa. Bayan an warke ma sai an yi kwanaki ana tattaki kafin a koma sassarfa. Wanda ya yi gaggawa a nan, yaron zai rasa gaba ɗaya.

9/
Kuma tun ranar farko yake tambaya: wa ke da sikila, wa ke da asma, wa ya taɓa suma a rana? Wasu na ganin tsanani ne. Ni kuwa ina ganin duk malamin da bai yi wannan tambayar ba, bai cancanci a ba shi 'ya'yan mutane su yi kilomita ko da uku ba.

10/
Kaka ta zo, girbi ya sake ɗauke yara. Sai hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Wannan shi ne zinaren shekararmu: sanyin safiya, hanyoyin gona sun bushe, aiki ya yi sauƙi. Nan ake tara nisa. Ranar da hazo ya yi kauri dai a haƙura, don ƙurar ba ta wasa da ƙirji.

11/
Bazara kuwa, Maris zuwa Mayu, zafi na haura digiri 40 a Kano. Wanda ya fitar da yara gudu bayan an tashi daga makaranta da azahar, wallahi ganganci yake yi da rai. Bayan sallar asuba ne kawai, kafin rana ta ɗaga, kowa da gorar ruwansa.

12/
Azumi shi ma da lissafinsa, kowace shekara yana matsowa da kusan kwana 11. A 2025 ma Kano, Katsina, Bauchi da Kebbi rufe makarantu suka yi saboda shi. Malam ba ya neman ƙarin sauri a watan. 'Yar sassarfa dab da shan ruwa ko bayan asham, don kada jiki ya manta. Bayan Sallah a ɗora.

13/
To akwai waɗanda ba sa cikin kalanda. Maris 2020 korona ta rufe makarantu, aka yi watanni a gida. Fabrairu 2021, bayan sace ɗaliban Jangebe a Zamfara, gwamnatin Kano ta rufe wasu makarantun kwana na bayan gari. Duk ƙungiyar da ta dogara da ƙararrawar makaranta kaɗai, a nan ta watse.

14/
Tamu ba ta watse ba, don tun kafin nan ya raba mu bisa unguwanni da ƙauyuka, uku-uku, huɗu-huɗu, kowane rukuni da babbansa. An rufe makaranta, amma ba a rufe hanyar gona ba. Ranar kasuwa sai a aika masa da lokutan a takarda, ya juye a littafinsa.

15/
Sai babbar jarrabawa: wanda ya fi mu gudu duka ya bar makaranta ya tafi birni neman kuɗi, gida babu. Ba wanda ya isa ya zarge shi. Mu dai gwiwarmu ta yi sanyi, muka ce ai an gama. Malam ya zaunar da mu ya yi mana lissafin da har yau nake amfani da shi.

16/
A tseren daji na ƙungiya, ba wanda ya zo na ɗaya ake dubawa kaɗai ba. Matsayin 'yan ƙungiya ake tarawa, mai ƙarancin maki shi ya ci. A gasar duniya mutum 6 ke shiga, a ƙirga 4 na farko. In naku sun zo na 1, 20, 25, 30, makinku 76. Masu na 8, 9, 12, 15 suna da 44. Sun doke ku.

17/
Ma'ana, mutum na huɗu a ƙungiya ya kai na ɗaya muhimmanci. Yaron nan da ke can baya yana haki, in ya wuce mutum biyar a kilomitar ƙarshe, shi ya ciyo kofi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kocin da ya gina komai a kan tauraro guda, ranar da tauraron ya hau motar Kano shi ma ya tashi aiki.

18/
Mun taɓa zuwa gasa aka lallasa mu, ba ma kusa ba. Washegari bai yi mana wa'azi ba, bai kuma zage mu ba. Littafin ya buɗe: kai wata uku da suka wuce ga lokacinka, jiya ga lokacinka, ka rage minti ɗaya da rabi. Yaron da ya ga lambarsa tana sauka ba ya bukatar a lallashe shi. Zai dawo da kansa.

19/
Kun san abin da ya kashe ƙungiyar a ƙarshe? Ba korona ba, ba talauci ba, ba shan kaye ba. Takardar canjin wurin aiki ce. Aka mayar da malam wata makaranta, ba a turo mai sha'awar abin ba. Zango ɗaya tak, aikin shekaru ya bi ruwa. Wannan ita ce matsalar da koci ba shi da maganinta.

20/
Ku duba Kenya. Colm O'Connell, ɗan ƙasar Ireland, ya je makarantar St Patrick da ke Iten a 1976 don koyar da labarin ƙasa. Bai san komai a horar da 'yan gudu ba. Amma ya zauna, shekaru aru-aru a gari ɗaya. Ɗalibinsa Peter Rono ya ci zinare a mita 1500 a Olamfik ta 1988.

21/
Shi ne kuma ya horar da David Rudisha, wanda ya kafa tarihin duniya a mita 800 a Landan a 2012. A Habasha ma haka: malamin motsa jiki Sentayehu Eshetu a ƙaramin garin Bekoji, ta hannunsa Derartu Tulu, Kenenisa Bekele da Tirunesh Dibaba suka biyo. Malamin makaranta, gari ɗaya, dogon zama.

22/
Na san abin da za a ce: ai su a kan tsauni suke. Gaskiya ne, Iten ta kai mita 2,400 sama da teku, Bekoji ta fi haka, mu Kano ko 500 da ƙyar. Tsauni na taimaka wa jini ɗaukar iska, ban musa ba. Shi ya sa a gida ma 'yan Filato irin su Emmanuel Gyang da Deborah Pam ke jan ragamar dogon zango.

23/
Amma Said Aouita na Maroko a Kenitra aka haife shi, bakin teku. Noureddine Morceli na Aljeriya ɗan Ténès ne, shi ma bakin teku. Duka sun riƙe tarihin duniya. Tsauni wuri ne da ake kai wanda ya riga ya nuna kansa ya ƙara gogewa. Mu matsalarmu ko nuna kan ba a kai ga yi ba.

24/
Wani zai ce: makarantar da ba malamin lissafi, ba kujeru, rufi na yoyo, kai kana maganar gudu? Na yarda, shi ya sa ma gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. Amma gudu ba ya cin kuɗin aji. Ba fili mai ciyawa, ba raga, ba ƙwallo. Hanya ce da kambas, wani lokacin ko kambas ɗin babu.

25/
Kuma na gani da idona: sharaɗin malam shi ne wanda bai zo aji ba, ba ya zuwa atisaye. Akwai abokaina da gudun nan ne kaɗai ya riƙe su har suka zana jarrabawar fita. A wurin da yara ke zamewa daga makaranta ɗaya bayan ɗaya, duk igiyar da za ta riƙe su ba abin rainawa ba ce.

26/
'Yan mata fa? A nan ba a yi da ƙarfi. Iyaye na da damuwa ta gaskiya, sai an saurare su. Malama mace, cikin harabar makaranta, sutura cikakkiya, lokaci sananne. Sifan Hassan da ta ci famfalakin Olamfik a Paris a 2024 da hijabinta ta karɓi zinare. Abin mai yiwuwa ne in an bi ta ƙofa.

27/
Me nake nema? Abu huɗu, ba ɗaya da ke bukatar biliyan. Na farko, malamin da ya gina ƙungiya a bar shi a makarantarsa aƙalla har yaran aji ɗaya su fita. In dole ne a ɗauke shi, a haɗa shi da wanda zai gada tun da wuri, a miƙa littafin lokutan hannu da hannu.

28/
Na biyu, gasa ta kusa. Makarantun Kabo, Gwarzo, Rimin Gado da Ƙaraye su haɗu sau uku a hunturu, kowane karo a gari daban. Kilomita 4 ga ƙanana, 6 ga manya, a ƙirga maki na ƙungiya. Yaro ba zai yi wata tara yana gudu don gasa ɗaya a filin Sani Abacha da watakila ba za a samu kuɗin mota ba.

29/
Na uku, a tsara shekarar bisa kalandarmu, ba ta wasu ba. A daina sa gasa a tsakiyar bazara ko mako guda bayan Sallah. Na huɗu namu ne, tsofaffin ɗalibai. Kuɗin da muke tarawa don walimar haɗuwa, rabinsa ya isa kambas da gwajin jini na ƙungiya guda.

30/
Masu neman kujera kuma da ke zuba kuɗi a kofin ƙwallo duk kakar zaɓe, ba mu hana ku ba. Amma wasan ƙwallo mutum 22 yake ɗauka, tsere kuwa ɗari biyu ma za su tashi a layi ɗaya. Ku gwada ko sau ɗaya, amma don Allah kada ya zama na shekarar zaɓe kawai.

31/
Ban ce Gude za ta fitar da zakaran Olamfik baɗi ba. Iten ma ba dare ɗaya ta yi ba. Cewa nake yi a daina auna malamin wasanni da kofin da ke ofishin shugaban makaranta. A tambaye shi: yara nawa ka fara da su, nawa suka rage bayan damina, zazzaɓi da azumi? Nan aikin yake.

32/
In makarantarku tana da irin wannan malami, wanda ke fitowa da asuba ba alawus ba godiya, ku ba mu labarinsa a ƙasa, ku faɗi garin. 'Yan Kabo da Gwarzo da ke jami'o'i kuma, hutun hunturu na nan tafe. Wa zai zo mu auna hanyar kilomita 6 mu fara? Allah ya saka wa malamanmu da alheri.